Habsatu Mai Tabarma da Shingen Alkasim

Duk wanda ya saba cin kasuwar Mayahi ya san layin masu tabarma, kuma in ya san layin da wuya a ce bai san Habsatu ta Garin Cindo ba. Doguwa ce marar jiki, tafin hannunta ya yi kanta kamar na mai haƙar rijiya, muryarta kuwa takan kai inda ba ta aike ta ba. Garin Cindo ɗan ƙauye ne a bakin Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Atantane. Gulbin suna ne kawai, ba ruwa a cikinsa. Abin da ya cika shi goruba ce da 'ya'yanta da ke tsirowa ƙasa-ƙasa, waɗanda mata ke yankar kabarsu su shanya, su tsaga, su rina, su saƙa.

A nan aka haifi Habsatu, a nan ta yi aure. Mijinta Rabo manomi ne, amma geron da gonarsa ke bayarwa ba ya kai su bazara. Da an gama girbi sai ya ɗauki jaka ya yi kudu cin rani, wata shekara ya dawo da abin kirki, wata shekara ya dawo da tari. Tarin ne ya yi ajalinsa. Abin da ya riƙe gidan, tun yana raye har bayan ransa, kaba ce. Da ita Habsatu ta ciyar da 'ya'yanta, da ita ta yi wa 'yarta Kubra kayan ɗaki. Akwai wani kwari gabas da gari inda kabar ta fi tsawo da laushi, ana ce masa Kwarin Mata. Ba gonar kowa ba ne. Tun kakanni mata ke shiga su yanka, makiyaya su wuce da bisashensu, ba wanda ya taɓa tambayar wani izini.

Lokacin da aka buɗe siyasar jam'iyyu, Habsatu tana da goyon ɗanta na uku. Rabo ne ya fara shiga wata babbar jam'iyya, ita kuma ta bi shi taro don kallo. Ba a daɗe ba aka gane cewa in ta yi magana mata suna saurare, sai aka naɗa ta shugabar matan jam'iyya ta ƙauyen. Ta riƙi abin da gaske, fiye da waɗanda suka naɗa ta. Ita ke bin gida-gida ta nuna wa tsofaffi alamar da za su dangwala. Ranar zaɓe takan roƙi amalanke ta ɗora guragu da masu ciwon ƙafa, ta tsaya bakin lakwal, wato makarantar boko inda ake zaɓen, cikin rana har a rufe. In ta dawo gida da tawada a yatsa, ba ta son ta goge da wuri. Sojoji sun zo sun tafi, an sake zaɓe, an sake sakewa, Habsatu ba ta taɓa fashi ba. Ta ga alkawuran famfo da na likita sun bi iska, amma takan ce wa mata ƙasa babba ce, wata rana layi zai zo kansu.

Alkasim kuwa ɗan ƙawarta ne, marigayiya Tanna, wadda suka yi shekaru suna yankan kaba kafaɗa da kafaɗa. Habsatu ta goya shi, ta cire masa ƙayar goruba a ƙafa ba sau ɗaya ba. Ya girma ya shiga fataucin wake da aya zuwa Najeriya, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, ya gina gidan siminti a Mayahi. Da zaɓen ƙananan hukumomi na dubu biyu da goma sha ɗaya ya ƙarato, jam'iyya ta sa shi a sahun gaba na masu neman kujerar konseye, wato wakilin jama'a a majalisar karkara.

A lokacin gonaki sun fara cin gulbi. Mutane sun yi yawa, ƙasa ta gaji, kowa na tura iyakarsa gaba. Mata suna tsoron wata rana za su wayi gari su tarar an huɗe Kwarin Mata. Alkasim ya san wannan. Ya zo ƙofar gidan Habsatu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban mata, ya ce shi da kaba aka raine shi, nonon da ya sha ma kaba ce ta biya. Ya ce in ya shiga majalisa, aikinsa na fari shi ne a shata kwarin a rubuta shi da sunan matan gari, kada kowa ya taɓa shi har abada. Da ya ambaci sunan uwarsa, Habsatu ta share ido da bakin zane. A wannan zaɓen har matan gidajen da ke adawa ta jawo. Alkasim ya ci.

An shata kwarin kuwa. Wata rana mota kat-kat ta zo da mutane masu igiyar awo, suka kafa duwatsun siminti a kusurwoyi. Mata suka yi guɗa, Habsatu ta dama musu fura. Ba wanda ya gaya mata sunan da aka rubuta. Bayan 'yan shekaru, da kaka, sai ga babbar mota ta sauke ƙarafa da naɗin waya. Kafin wata ya ƙare an zagaye Kwarin Mata, an sa ƙofar ƙarfe, an gina wa mai gadi bukka. Aka ce Alhaji Alkasim zai yi garka, wato lambun mangwaro, da kiwon shanu.

Habsatu ba ta yarda ba sai da ta je da ƙafarta. Ta bi ta inda ba a gama ɗaure wayar ba, ta shiga ta yanki kabarta kamar kullum, ta ɗaure dami. Mai gadin baƙo ne, bai san ta ba. Ya fizge wuƙar daga hannunta, ya ture damin daga kanta, ya ce in ta sake shigowa zai kira jandarmomi. Ta faɗi a kan gwiwa, mace mai jikoki, a wurin da aka yanke mata cibiya kusa da shi. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta kama hanyar Mayahi ba tare da ta biya gida ba.

A ƙofar gidan Alkasim ta zauna tun hantsi har la'asar. Da ya fito ya gan ta, ya yi fara'a, ya ce a kawo wa Inna ruwa. Ya yi ta bayani. Ya ce da bai karɓi filin ba, da wani baƙo daga Maraɗi ya karɓe shi. Ya ce garkar za ta ba samari aiki. Ya ce zai sa a riƙa yanke kabar ana ba mata a farashi mai sauƙi. Sannan ya sa aka fito mata da turmin atamfa.

"Alkasim," in ji ta, don ba ta ƙara ce masa Alhaji ba daga ranar, "da sunan Tanna ka rantse."

"Inna, siyasa ce. Kowa ya san maganar yaƙin neman zaɓe daban take."

"Ni ban sani ba. Da na sani da ban ja matan mutane ba."

Ta bar atamfar a ƙasa inda aka ajiye ta.

Ta kai kuka wurin manyan jam'iyya na Mayahi. Suka karɓe ta da girmamawa, suka ce ta yi haƙuri, kada ta ba 'yan adawa abin faɗi, za a zauna a cikin gida. Ba a zauna ba. 'Yan adawar suka ji labari, suka zo har ɗakinta, suka ce in ta dawo wurinsu, da hannunsu za su tumɓuke wayar. Tana cikin tunanin abin sai rediyo ya faɗi cewa jam'iyyun biyu sun ƙulla ƙawance a Yamai. Mutumin da ya yi mata alkawarin tumɓuke waya, da idonta ta gan shi a gaban motar Alkasim suna dariya. Ta ce to bari zaɓe ya zo. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa aka yi ta ɗage shi, shekara na bin shekara, Alkasim na zaune a kujerarsa, mangwaronsa na tasowa.

Abin da ya fi ci mata rai matan ne. Ba wadda ta zage ta, amma da asuba in suka kama doguwar hanya zuwa arewa inda sauran kabar take, gajera mai kaushi, sai hira ta mutu in ta iso. Wasu suka daina saƙa. Wasu suka koma sayen kaba a ƙofar shingen, daga hannun mai gadi. Habsatu ta rantse ko da yunwa za ta kashe ta ba za ta sayi kabar Kwarin Mata ba.

Tana da ƙane, Yusha'u, wanda aka fi sani da Mushe Yusha'u, kamar yadda ake kiran malaman boko, don ya yi shekaru yana koyarwa a lakwal ta ƙauyukan Tasawa kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai. Da aka tabbatar za a yi zaɓen a ƙarshen dubu biyu da ashirin, sai ya karɓi tutar wata ƙaramar jam'iyya da ko rediyo ba ya ambatonta. Ba shi da mota, ba shi da shinkafar rabo. A kan tsohon babur yake yawo, yana gaya wa mutane cewa ko kujera ɗaya ya samu, zai tsaya a majalisa ya tambayi yadda aka yi filin jama'a ya zama na mutum ɗaya, kuma zai yi ta tambaya har a gaji da shi.

Ya zo wurin yayarsa tana tsagar kaba a gindin bishiyar bedi. Ya roƙe ta ta tara masa mata, ya ce ba don shi ƙanenta ne ba, don ita ce mata ke ji. Ta ce ta gama. Ta ce shekarun da ta yi tana kai mata rumfar zaɓe, abin da ta tsinta shi ne ta ɗauki wuƙa ta miƙa wa mai yanka ta. Ya ce ai ba a taɓa gwada kowa ba sai manyan jam'iyyun nan biyu. Ta ce ƙananan su ne suka fi arha, ana saye su da kujerar mataimaki ko da buhun taki.

"Yaya, in kin zauna gida, Alkasim kika zaɓa. Ba a ƙidaya wanda bai zo ba."

"In na je na ba ka ƙuri'a, ka faɗi, shi ɗin dai zai hau, ya kuma ce an yi zaɓe lafiya, mutane sun fito. Da tsayuwarmu a layi suke wanke kansu. Ba zan ƙara tsaya masa ba."

"To wa zai ga zamanki?"

"Zan zauna inda za a gan ni."

Ya tambaye ta ko tana jin shi ma saye shi za a yi. Ta ci gaba da tsagarta, ta ce Alkasim ma a bayanta ya yi barci. Yusha'u ya tashi ya buga babur.

Ba ta hana kowa zuwa ba, haka take faɗi har yau. Amma ta bi gida-gida kamar yadda ta saba, ta ce ita dai ranar zaɓe tana ƙofar gidanta tana saƙa, mai so ta zo. Ƙofar gidan nata kuwa tana kallon lakwal, inda ake kafa rumfar zaɓe. Ranar, tun da safe mata suka fara zuwa da kabarsu. Kafin azahar sun cika gindin bedin sun malala har bakin hanya. Ba waƙa, ba guɗa, sai ƙarar kaba. Layin mata a lakwal bai kai a kira shi layi ba. Wakilan jam'iyya suka zo suka yi lallashi, suka yi barazana, suka koma. Da la'asar motocin Alkasim suka yi ta sauke mutane daga rugage da ƙauyukan nesa. Shi kansa ya wuce, ya sauke gilashi ya ɗaga wa matan hannu. Ba wadda ta ɗaga kai. Habsatu ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin daɗin wata rana kamar wannan ba, kuma daɗin bai kwana biyu ba.

Da sakamako ya fito, Alkasim ya koma kujerarsa. Jam'iyyar Yusha'u ta kusa samun kujera ɗaya, ta rasa da ƙuri'u kaɗan. Waɗanda suka iya lissafi suka ce matan da suka zauna a gindin bedi sun fi abin da ya rage masa. Ba jaridar da ta rubuta zaman nasu, ba rediyon da ya faɗa. A takardar sakamako an dai rubuta cewa mutanen Garin Cindo ba su fito sosai ba, wani ma'aikaci ma ya ce ai mata suna wurin aikin gida.

Yusha'u bai zo ya yi mata faɗa ba. Da ya yi, da ta sami inda za ta sauke abin da ke cinta. Ya dai daina biyowa ta ƙofarta. In sun haɗu a wurin suna ko gaisuwar mutuwa, ya gaishe ta kamar yadda ake gaida matar maƙwabci. Kubra ta yi ta kai da kawo tsakaninsu, uwar ta ce ba ta yi wa kowa laifi ba, kawun ya ce shi ma bai ce an yi masa ba.

Bayan wata biyu aka zo zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Shugaban ƙaramar jam'iyyar Yusha'u, can Yamai, ya fito ya ce magoya bayansa su bi ɓangaren da Alkasim yake. Ko waya ba a buga wa Yusha'u ba, a rediyo ya ji kamar kowa. A wata karkara da ke kusa kuma, inda jam'iyyar tasu ta sami kujera ɗaya, mai kujerar bai yi mako ba ya koma cikin manya. Mata suka zo suna gaya wa Habsatu cewa maganarta ta fito. Ta kore su. Ta ce ita ba ta nemi maganarta ta fito ba, kwarinta take nema. Kuma a ranta ta san ba wanda ya isa ya ce mata Yusha'u ma haka zai yi. Ba a gwada shi ba, kuma ita ce ta hana a gwada.

Wannan tunanin ya zauna mata kamar ƙaya a dunduniya. Ta fara cewa, wa kanta tukuna, daga baya wa Kubra, wa'adin konseye ai yana ƙarewa. In Allah ya kai rai za ta tashi matan nan kaf, har da na ƙauyukan gefe da su ma aka fara yi musu shinge, su zuba wa mutum ɗaya ƙuri'a, ko Yusha'u ko wani, su ga ƙarshen abin. Ta fara yi wa mata maganar a layin tabarma ranar kasuwa. Wasu suka ce Inna, jiya kin ce mu zauna, yau kin ce mu tashi. Ta ce haka ne, kuma in suna da wata dabara su faɗa.

Ana cikin haka, da daminar dubu biyu da ashirin da uku, sojoji suka karɓi mulki. Daga baya aka rushe majalisun karkara, daga baya kuma jam'iyyun kansu. Ranar da aka ce ba sauran konseye, Habsatu ta yi guɗa a tsakar gida, ta aika jikanta ya dubo ko an fara cire waya. Ba a cire ba. Alkasim ya rasa kujera, filin kuwa yana nan da sunansa. Mangwaro ya fara 'ya'ya, an ƙara haƙa rijiya a ciki, an sa famfo mai aiki da rana. Shi kuma ya canza hula, ya daina zancen jam'iyya, ya koma zancen kishin ƙasa, duk taron da aka yi a Mayahi yana sahun gaba. A da, ko ba komai, in zaɓe ya ƙarato sai ya tako har ƙauye ya durƙusa ya ce Inna. Yanzu ba abin da zai kawo shi.

Ciwon ƙafa ne ya sa Yusha'u ya sake shiga gidanta. Gwiwarta ta kumbura saboda tafiyar arewa, ta kwanta kwana da kwanaki, ya zo da babur ya kai ta gidan likita a Mayahi. A hanyar dawowa suka bi ta gefen shingen, don ba wata hanyar. Ta ce ya tsaya. Ta sauka da ƙyar, ta tsaya tana kallon ciki. An sare kabar kusan duka, sai 'yan gorubai da aka bari don inuwar shanu.

"Da na ba ka, da ka hana wannan?" ta tambaye shi.

"Ban sani ba, Yaya. Da dai na tambaya."

"Tambaya."

"Ita kaɗai nake da ita."

Ta tofar da yawu a gindin ƙarfen, ta ce su tafi.

Yanzu sun koma magana, amma rabin maganar gardama ce. Shi yana nan a kan cewa ranar da aka dawo da zaɓe, ko akuya ce ta tsaya a kan manyan nan, zai ba ta. Ita kuwa amsarta ta danganta da ranar da aka tambaye ta. In ta dawo daga arewa da dami a ka, ƙafa na zogi, takan ce wanda ya sake zuwa ƙofarta da hoton ɗan takara, da muciya za ta raka shi. In ranar kasuwa ce, ta ga motar Alkasim ta ratsa layin masu tabarma tana busa musu ƙaho su janye kayansu, takan ce Allah ya nuna mata akwatin zaɓen nan sau ɗaya tak kafin ta mutu.

Matan da ke saƙa a Garin Cindo sun ragu. 'Yan mata sun fi son tallan awara, tabarmar leda kuma ta cika kasuwa. Kubra ta yi ta roƙonta ta koma wurinta Tasawa ta huta, ta ƙi. Har yanzu tana fita da sassafe tare da tsofaffi uku ko huɗu, sanda a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan, su bi bayan gari su yi arewa, su dawo kafin rana ta take.